Tambayoyi da Amsoshi a kan "Take Off": Yadda Kalmar Tuɓe Riga Take Tayar da Jirgi

Wanda ya daɗe yana koyar da Turanci ya san akwai tambayoyin da ba sa tsufa. Kowace shekara sai sabbin ɗalibai sun zo da su, kamar sun haɗa baki da na bara. Waɗannan da na tattara a nan duk a kan 'yan kalmomi biyu ne, *take* da *off*, waɗanda in suka haɗu sai su yi ta sauya kama.

Wai mece ce ainihin ma'anar *take off*?

Ba ta da ma'ana guda. Ƙamus mai kauri zai jero maka kusan goma, amma ba na ba kowa shawarar ya zauna haddace su kamar karatun lissafi. Akwai igiyar da ta ɗaure su duka, kuma tana jikin *off* ne, wato rabuwa. Abu yana manne da wani abu, ko yana zaune a kansa, sai ya bar shi. Riga ta rabu da jiki, jirgi ya rabu da ƙasa, ma'aikaci ya rabu da aiki na kwana biyu, suna ya rabu da jerin sunaye.

Da ka gamu da ita a jimla, abu ɗaya za ka fara dubawa: akwai karɓau ko babu? Wato akwai abin da aikin ya faɗa wa? In akwai, kamar a *she took off her glasses*, ma'anar tana wajen cirewa ne: ta cire tabaranta. In babu, kamar a *the plane took off*, to mai aikin ne da kansa ya tashi ya bar wurin. Wannan ɗan gwajin kaɗai zai fitar da kai a mafi yawan lokuta.

Me ya sa ba zan fassara *take* daban, *off* daban, in haɗa ba?

Saboda dalilin da ya sa Baturen da ke koyon Hausa ba zai fahimci "cin amana" ta hanyar duba "ci" a ƙamus ba. Mu ma muna cin zaɓe, mu ci jarrabawa, mu ci gaba, mu ci mutunci, kuma babu ɗaya da ya shiga baki. Muna shan wahala, mu sha alwashi, mu sha kaye. Bahaushe bai taɓa jin wannan ya dame shi ba, domin ya tashi ya tarar ana faɗa. Haka Bature yake da nasa. Aikatau ne ɗan gajere, sai a liƙa masa 'yar rakiya kamar *off*, *up*, *out* ko *on*, su biyun su zama kalma ɗaya a ma'ana. Masu nahawun Turanci suna kiran wannan haɗin *phrasal verb*, sunan da ya yaɗu daga shekarar 1925 ta hannun marubuci Logan Pearsall Smith.

Matsalar kuwa ta girmi sunan nesa ba kusa ba. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya riga ya lura cewa irin wannan haɗi shi ne ya fi ba baƙin harshen wahala, kuma cikin misalan da ya kawo har da *take off* ɗin nan tamu. Saboda haka in ta rikita ka, ba kai ne farau ba.

Ana amfani da ita ga kowane irin tufafi?

Ƙwarai kuwa, har da abin da ba tufafi ba. A nan Hausa ta fi Turanci rarrabewa: mukan tuɓe riga, mu cire takalmi, mu zare zobe, mu kwance agogo, mu goge kwalliya. Turanci na iya yi wa duka kuɗin goro da *take off*. Kishiyarta ita ce *put on*, wato sakawa. A kula, *wear* ba ta nufin aikin sakawa, tana nufin abin yana jikinka ne a yanzu. Wanda ya ce *wear your shoes, we are late* za a gane shi, amma ɗan harshen *put your shoes on* zai ce.

Akwai inda ake yawan tuntuɓe, wato tsakanin *take off* da *take out*. Ka tsaya a layin bincike na filin jirgin sama ka saurari jami'in da ke tsaye bayan tiren roba. Zai ce *take off your belt and your jacket*, sannan ya nuna jakarka ya ce *take out your laptop*. Bel da jaket a kan jikinka suke, shi ya sa *off*. Kwamfuta a cikin jaka take, shi ya sa *out*. Abin da ke kai, *off*. Abin da ke ciki, *out*. Na taɓa ganin wani bawan Allah a irin wannan layi da aka ce masa *take off your watch*, ya zaro wayarsa ya kashe ta ya miƙa, don shi a saninsa *off* kashewa ce kawai.

Tsohon Turanci yana da gajerun kalmomi biyu na wannan aiki: *doff* da *don*, waɗanda asalinsu *do off* ne da *do on* suka narke. Yau sai a littafi ko a bakin mai son burgewa.

Wanne ne daidai, *take off your shoes* ko *take your shoes off*?

Duka biyun. Wannan aikatau yana cikin waɗanda ake iya raba su da 'yar rakiyarsu, a cusa karɓau a tsakiya. Sai dai akwai doka ɗaya da ba ta da sassauci: in karɓau wakilin suna ne, kamar *it*, *them*, *him*, *her*, to dole ya shiga tsakiya. *Take them off* daidai ne. *Take off them* kuskure ne, kuma irin kuskuren da kunnen ɗan harshe ke kamawa nan take.

In kuma karɓau ya yi tsawo, gara a bar shi a ƙarshe. *He took off the heavy coat his brother had lent him* ta fi daɗin ji a kan a jefa *off* can ƙarshen jimla, inda mai sauraro ya riga ya manta da *took*.

Wani abu da ɗalibai ba sa lura da shi: wani lokaci *off* ɗin tana da nata abin da take nunawa. A *take your feet off the table*, ƙafafu ne ake ɗaukewa, tebur ne ake ɗauke su daga kai. A nan ba a iya sauya tsarin. Kuma ba a buƙatar *from*. *Off* ta riga ta ɗauki nauyin "daga".

Tunda jirgi *take off* yake yi, zan iya cewa haka ga mota ko jirgin ƙasa?

A nan Hausa ce ke ja mana. Mu a wurinmu mota tana tashi, jirgin ƙasa yana tashi, jirgin sama ma yana tashi, kalma ɗaya. A Turanci *take off* ta tafiya ta abin da ya bar ƙasa ya shiga iska ce: jirgin sama, jirgi mai saukar ungulu, tsuntsu, har ƙudan zuma. Motar haya ko bas *leave* take yi, ko *depart* a rubutun jadawali. Jirgin ƙasa yakan yi *pull out* daga tasha, jirgin ruwa *sail*, matafiyi kuma *set off*. Roka tana da nata, *lift off*, ko *blast off* a bakin yara da 'yan jarida. In ka ji an ce mota ta yi *take off*, to ana nufin ta fizga da gudu ne, ba wai lokacin tashinta ne ya yi ba.

Fasinja ma yana iya jingina aikin ga kansa: *we took off an hour late*, mun tashi a makare da awa guda. Kishiyar ita ce *land*, ko *touch down* ga daidai lokacin da tayoyi suka taɓa ƙasa.

Wannan ma'ana ta girmi jirgin sama. Kafin 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, su tashi da nasu a 1903, ana faɗin *take off* ga doki ko mutumin da ya daka tsalle. Har gobe a wasan dogon tsalle, katakon da ɗan wasa ke takawa kafin ya tashi sunansa *take-off board*.

Na ji an ce matuƙa jirgi ba sa faɗin kalmar yadda suka ga dama. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma dalilin mai ban tausayi ne. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo mai kauri. Mutum 583 suka rasu, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Dalilan suna da yawa, amma harshe yana ciki. Mataimakin matuƙin KLM ya gaya wa hasumiyar da ke ba jirage umarni maganar da ake rubutawa *we are now at take-off*. Shi yana nufin sun fara gudun tashi. Jami'in hasumiya ya ɗauka suna tsaye ne a bakin titi suna jiran izini, ya ce *OK*, ya ƙara da cewa su dakata zai kira su. Wannan ƙarin bai isa kunnensu sosai ba, domin a daidai lokacin matuƙan Pan Am ma suna magana a rediyo, muryoyin suka haɗu suka zama ƙara. Jirgin Pan Am kuwa yana kan titin bai fita ba.

Bayan wannan aka tsaurara ƙa'idar maganar rediyo. Yanzu ba a furta *take-off* sai lokacin da ake ba da izinin tashi ko ake soke shi. A duk sauran magana *departure* ake cewa. Matuƙi zai ce *ready for departure*, sai hasumiya ta amsa da *cleared for take-off* in hanya ta buɗe. Ina yawan ba ɗalibai wannan labari idan suka ce mini ai ƙananan kalmomi ba su da wani muhimmanci.

To *her business took off* fa? Kasuwanci ai ba ya da fiffike.

Aron hoton jirgin aka yi. Jirgi yakan daɗe yana gudu a ƙasa kafin ya ɗaga, sannan cikin ƙiftawar ido ya yi sama. Haka ake faɗa wa sana'a, ko waƙa, ko sabuwar manhaja, ko sunan ɗan wasa, in abin ya daɗe yana jan ƙafa sannan ya haɓaka farat ɗaya. Da Hausa sai mu ce kasuwarta ta buɗe, ko tauraronta ya fara haskawa, ko abin ya karɓu. Sharaɗin shi ne saurin. Abin da ya girma sannu a hankali cikin shekara ashirin *grow* ya yi. Ana kuma yawan jin ta a kore: *the idea never really took off*, wato dabarar ba ta je ko'ina ba.

Masana tattalin arziki ma sun ara. Ba'amurke W. W. Rostow, a 1960, ya kasa bunƙasar ƙasashe zuwa matakai biyar, ya kira na uku *take-off*, lokacin da masana'antu suka kankama har tattalin arzikin ya fara ɗaukar kansa. An yi ta sukar ra'ayin nasa daga baya, amma kalmar ta zauna, ɗaliban fannin suna gamuwa da ita har yanzu.

Yaya zan nemi hutu a wurin aiki da ita?

Ka sa lokacin a tsakiya: *take Friday off*, *take two days off*, *take some time off*. Tsarin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wata ɗalibata da ke aikin ofis ta taɓa nuna mini saƙon da ta tura wa shugabarta, ta rubuta *I want to take off on Friday*. Amsar da ta samu ita ce tambayar ina za ta, kuma ƙarfe nawa jirgin. Ita kuwa hutun kwana ɗaya take so ta kai ɗanta asibiti. Da ta rubuta *I'd like to take Friday off*, da magana ta ƙare. A Turancin Amurka akan ji *take off work* ko *take off from work*, amma in kana son hanyar da ba ta da gargada a ko'ina, ka sa ranar a tsakiya.

Kada kuma a haɗa *a day off* da *an off day*. Na farko ranar hutu ce. Na biyu, a yawancin amfani, ranar da abubuwa suka ƙi yi maka ne, kamar ɗan ƙwallon da ya wuni yana zubar da dama.

Idan aka ce *he took off* game da mutum, me ya faru?

Ya fice ne ba shiri, sau da yawa ba sallama. *When he saw the police, he took off*: da ya hango 'yan sanda sai ya ranta a na kare. Ba kullum gudun tsoro ba ne. Aboki zai iya miƙewa ya ce *I'm going to take off now*, wato ni zan wuce. Maganar hira ce, ba ta takardar hukuma ba.

Akwai ma'anar kwaikwayo kuma?

Akwai, an fi jin ta a Birtaniya. *She takes off the headmaster perfectly* na nufin tana kwaikwayon muryar hedimasta da tafiyarsa don a yi dariya. Ma'anar da Johnson ya rubuta wa *take off* a gabatarwar nan tasa ita ce kwafa, kamar a ɗauke siffar abu daga jikinsa a ɗora a wani wuri, kuma daga nan zuwa kwaikwayon mutum ba nisa. Sunan da aka samu daga ciki, *a take-off*, shi ne wasan barkwancin da aka gina a kan kwaikwayon wani shiri ko wani sananne. In ba ka saba ba, ka yi amfani da *imitate* ko *mimic*, kowa zai gane.

Me ya bambanta *taken off* da *sent off* a ƙwallon ƙafa?

Wanda ya yi aikin. Koci ne ke yin *take off*, ya cire ɗan wasa ya sa wani, ko don rauni ko don dabara. Alƙalin wasa ne ke yin *send off*, da jan kati, kuma ba a maye gurbin wanda aka kora. Wannan "cirewa daga cikin abu" ta bazu wurare da yawa. Likita yakan yi *take a patient off* wani magani, wato ya dakatar da shi. A ofis akan cire ma'aikaci daga wani aiki, *she was taken off the project*. Gidan talabijin yakan dakatar da shiri, *taken off the air*. Mai sayarwa yakan rage kashi goma cikin ɗari, *take ten per cent off*. Wanzami ko mai gyaran gashi ma in ka ce masa *take a little off the sides*, ya san gefe kake so a rage kaɗan.

Waɗanne karin magana ne aka gina a kanta?

Suna da dama, ga waɗanda za ka fi gamuwa da su. *I couldn't take my eyes off it* daidai take da "na kasa ɗauke idona daga kansa", har hoton iri ɗaya ne da namu. *Take your mind off something* ita ce ka sami abin da zai ɗauke maka hankali daga damuwa. *Take the edge off* rage kaifin abu ne, kamar maganin da bai kawar da ciwo ba amma ya sassauta shi. *I take my hat off to her* jinjina ce, daga tsohuwar ɗabi'ar Turawa ta cire hula don girmamawa. Mu "na sara mata" za mu ce.

Ɗaya tana da fuska biyu, a yi hattara. *That haircut takes years off you* yabo ne, askin ya mayar da kai yaro. *That job took years off my life* kuka ne, aikin ya rage mini kwana.

Yaya ake rubuta ta, yaya kuma ake furta ta?

In aikatau ce, kalma biyu ce a rabe: *take off*, *took off*, *has taken off*, *is taking off*. *Take* ce kaɗai ke sauyawa, kuma babu *taked* a Turanci. In suna ce, sai a haɗe: *take-off* da ɗan layi a rubutun Birtaniya, *takeoff* a dunƙule a na Amurka. Jam'inta *take-offs*.

A furuci, nauyin murya yana kan *off* in aikatau ce, yana kan *take* in suna ce. Sannan a raba *off* da *of*. Ta farko da sautin "f" take ƙarewa, ta biyu da sautin "v", wanda babu shi a Hausa, shi ya sa da yawanmu muke furta su iri ɗaya har ya bi mu cikin rubutu, ka ga an rubuta *take of your cap*. Abin dariyar shi ne a da can kalma ɗaya ce. *Off* ita ce *of* da aka furta da ƙarfi, daga baya rubutu ya raba su. Ita kanta *take* baƙuwa ce a Turanci. Daga harshen mutanen arewacin Turai da ake kira Vikings ta shigo, inda take *taka*, ta ture tsohuwar kalmar gida *niman*, 'yar'uwar *nehmen* ta Jamusanci.

Zan iya cewa *off your shoes*, ko *take off the light*?

Ta farko ana jin ta a bakin masu Turanci a matsayin harshe na biyu a ƙasashe da dama, kuma a hira za a gane ka. Amma a daidaitaccen Turanci *off* ba ta tsayawa ita kaɗai a matsayin aikatau da wannan ma'ana, mai gyaran jarrabawa zai ja mata layi. Ta biyu kuwa ma'anarta daban da abin da kake nufi: wanda ka gaya wa zai iya ɗauko tsani ya kwance ƙwan fitilar. Kashe fitila, fanka ko waya *turn off* ne ko *switch off*. Haka nan *put off* ba kishiyar *put on* ba ce ta tufafi. Ɗage abu ne zuwa wani lokaci, kamar taro ko tafiya.

A rubutun jarrabawa ko wasiƙar aiki, in guje ta ne?

Ya danganta da wace ma'ana. Ta jirgi ba ta da wata madadi, ko a rahoton hukuma *take off* ake rubutawa. Ta hutu ma ta karɓu a saƙon ofis, kodayake *take leave* ta fi shiga takardar neman izini. Ta tufafi tana da 'yar'uwa mai ɗaurin wuya, *remove*, wadda za ka gani a allon sanarwa ko takardar asibiti; amma uwa ba za ta ce wa ɗanta *remove your shoes* a bakin ƙofa ba sai in wasa take. Ta ragi kuma *deduct* ce a takardar albashi ko ta haraji. Biyun da zan ce a bar su a hira su ne ta ficewa ba sallama da ta kwaikwayo: a rubuta *left suddenly* a maimakon ta farko, *imitated* a maimakon ta biyu.